Intanet Ɗin da Ke Mutuwa Ranar Asabar

"Mama, me ya sa duk ranar da intanet ya mutu sai kin fesa turare?"

'Yan'uwa, shayin da na kurɓa saura kaɗan ya fito min ta hanci. 'Yata ce ta jefo tambayar, wadda muke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Shekararta biyar, tana zaune a kujerar robarta da burodi a hannu bibbiyu, ko a jikinta. Da mu biyu ne da sauƙi. Amma safiyar Asabar ce, kowa yana teburin karyawa. Umma tana gefena tana juya cokali a kofi, Yaya kuma, babban wana da ya zame mana uba tun rasuwar Abba, yana zaune daidai saitina.

"Ci burodinki," na ce.

"Kuma sai ki ɗauko mayafin nan ruwan zuma, wanda kika ce na zuwa unguwa ne."

"Aku!"

"To ai Kawu Mai Tsani ba unguwa ba ne."

Umma ta sunkuyar da kai cikin kofinta, kafaɗunta suna rawa. Yaya bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa a hankali, irin ajiyewar da na sani tun ina 'yar firamare.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara karanta labarina. Aurena ya mutu tun Aku tana goye, na dawo gidanmu, na samu aiki a sashen ajiye katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Litinin zuwa Juma'a ina can, Asabar kaɗai nake wuni a gida. Wata biyu da suka wuce Yaya ya sa aka jawo mana intanet. Ma'aikacin da kamfanin ya turo dogo ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana gudun tashin jariri, kullum da tsanin ƙarfe a kafaɗa. Aku ce ta raɗa masa Mai Tsani, sunan ya bi shi. Ya kafa mana rauta a kan kantar falo, wani farin akwati mai ƙahonni biyu da 'yan fitilu, ya ja kebul uku: ɗaya zuwa talabijin ɗin falo, ɗaya sashen Yaya, ɗaya ɗakin Umma. Ya manna wa kowanne 'yar takarda da sunan inda ya nufa.

Sai ga abin mamaki. Duk ranar Asabar, tsakanin goma da goma da rabi na safe, intanet ya ɗauke ɗif. A kira shi, ya zo, ya duba falo, Umma ta raka shi ɗakinta ya duba, ya leƙa sashen Yaya, komai ya dawo. Asabar biyar a jere. Kuma ba zan ɓoye muku ba, tun a ta biyu ya karɓi lambata, wai don in riƙa sanar da shi idan an samu matsala. Matsalar ta koma "kin tashi lafiya?" da "ya Aku?" da hirar da ba ta ƙarewa.

Yaya ya zaro wayarsa ya turo min gabana.

"Karanta."

Saƙon ƙorafi ne zuwa ga shugaban ma'aikatar su Mai Tsani, an rubuta an gama, dannawa kawai ya rage. Wai ma'aikacinsu yana kashe mana intanet daga ofis da gangan don ya samu hanyar shiga gidan mutane.

"Yaya, wannan ai raba mutum da aikinsa ne."

"Ni yaro ne? Litinin lafiya, Talata lafiya, sai ranar da kike gida? Na taɓa yin shiru a kanki sau ɗaya, lokacin aurenki, kin ga abin da shirun ya jawo. Yau idan ya sake mutuwa, ƙarfe goma sha biyu zan tura. Kuma ƙafarsa da gidan nan har abada."

"Haba Babban Gida, a bi a hankali mana," in ji Umma, da sunan da take kiran Yaya da shi, ba ta ɗago ba.

"Umma, ke kin cika yarda da mutane."

Abin da ya fi ƙona min rai, ban iya rantsewa Yaya ƙarya yake ba. Mutumin da zai ɓata abu da hannunsa don ya dawo ya gyara a yaba masa, na zauna da irinsa shekara biyu, na san ɗanɗanonsa. Ni kaɗai zan iya sake yin kuskure in share hawayena in tashi. Amma yanzu akwai Aku, wadda take ajiye masa rabin biskit ɗinta tun ranar Alhamis. Ba zan bar mayaudari ya zauna a zuciyar yarinyar nan ba, ko da kuwa zuciyata tana tsalle in na ji ƙarar tsaninsa a bakin ƙofa.

Na shiga ɗaki. Na ɗauko mayafin ruwan zuman, na tsaya da shi a hannu, na mayar. Na zura doguwar rigata ruwan toka ta aikin gida, wadda aljihunta ya ɗan yage, na ɗaura baƙin ɗankwali. Kwalbar turare kuwa ko kallonta ban yi ba. To, na kalle ta sau ɗaya.

Na zauna bakin gado na buɗe tsofaffin saƙonninmu. Ni mutum ce mai tambaya, duk abin da ke cikin gidan da 'yata take kwana sai na san yadda yake aiki, shi kuma ba ya gajiya da amsawa. Ga wanda ya turo min mako uku baya:

"Ki ɗauki rauta kamar mai karɓar wasiƙu a ƙofar babban gida. Kowace waya da kwamfuta a gidanku tana da lambarta, shi ke raba musu. Hoton da kika tura ba ya tafiya a dunƙule, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshi a goshinsa."

Na tambaye shi, to ya ake ya san hanyar duk duniya?

"Bai sani ba. Yana da ɗan jadawali: in adireshin na cikin gida ne, ya miƙa wa mai shi. In bai gane ba, ya miƙa wa rautar da ke gaba da shi, ta kamfaninmu. Ita ma ta duba nata jadawalin ta miƙa gaba. Kowa taki ɗaya kawai ya sani."

Na tuna na rubuta masa: "Ashe su ma 'yan 'je ka tambayi na gaba' ne, kamar ofishinmu." Ya turo fuskar dariya har guda shida.

Sai wani na makon jiya, wanda a lokacin na ɗauka surutun ma'aikata ne kawai:

"In ya sake ɗaukewa, kafin ki kira ni ki gwada abu biyu. Ki yi wa rautar sallama daga kwamfutarki, ki ga ko za ta amsa. Sannan ki zare kebul ɗin bayanta ɗaya bayan ɗaya. Ina so ki gani da idonki."

Ina cikin karantawa na ji ihun Aku daga falo, inda take kallon katun a talabijin.

"Mama! Katun ya tsaya! Ya mutu! Ya mutu!"

Da murna take faɗa, har da tsalle. Na duba agogo: goma da minti ashirin. Wallahi wani irin zumuɗi ya taso min, irin na ranar jarrabawar da ka yi wa karatu. Na suri kwamfutata na fito.

Yaya yana tsaye tsakiyar falo, waya a hannu. "Kin gani ko?"

"Ka ce sha biyu. Ka ba ni rabin awa. Kada kowa ya kira shi."

"Ke kuma yaushe kika zama injiniya?"

"Yau."

Wayata ta yi ƙara. Shi ne: "Barka da hantsi. Gida lafiya?" Na rubuta: "Kada ka zo sai na neme ka." Ya amsa da kalma ɗaya: "To." Ko tambayar dalili bai yi ba.

Na durƙusa gaban kanta. Fitilun rautar da na saba gani suna ƙiftawa jefi-jefi, yau duk rawa suke a tare, da sauri, kamar zuciyar wanda ya sha gudu. Na buɗe baƙin allon nan na kwamfuta da ya nuna min, na rubuta ping, na bi shi da lambar rautar da ke manne a ƙasanta, 192.168.1.1. Na danna.

Shiru. Layi huɗu, duk ba amsa.

"Yaya, zo ka gani! Zo!"

Ya matso yana ɓata rai. "Me zan gani a wannan baƙin abin?"

"Sallama na yi wa akwatin nan, ga shi a gabanmu, bai amsa ba. In daga ofis aka rufe mana hanya, ai shi zai amsa min, tunda ni da shi a gida ɗaya muke. Sai in an zo miƙa saƙo waje ne zai rasa na gaba. Amma ko ni bai ji ba. Wani abu ne a cikin gidan nan ya cika masa kunne."

"A cikin gidan nan?"

"Tsaya ka gani."

Na juya rautar. Kebul ɗin da ya shigo daga waje yana raminsa shi kaɗai, ban taɓa shi ba. Na zare mai takardar "Falo". Fitilu suna ta haukarsu. Na mayar. Na zare mai "Yaya".

"In nawa ne sai me?" in ji shi.

"Sai ka rubuta wa kanka ƙorafi."

Ba nasa ba ne. Na mayar, na kama na uku, mai "Umma", na ja.

'Yan'uwa! Kamar an zuba wa tafasasshen ruwa na sanyi. Fitilun suka lafa, suka koma ƙiftawarsu ta hankali. Na sake yin sallamar, amsa ta zubo layi bayan layi. Katun ɗin Aku ya ci gaba da waƙa daga inda ya tsaya. Ban san lokacin da na miƙe na buga tsalle ba, ni uwar 'ya, a gaban Yaya.

"Ya dawo! Ni na dawo da shi! Ka gani? Ka gani?"

Aku kuwa ta turo baki. "To yanzu Kawu ba zai zo ba kenan?"

Yaya ya dubi kebul ɗin da ke hannuna, ya karanta takardar, ya dubi ƙofar ɗakin Umma. Sai a lokacin muka lura tun tashinmu daga tebur ba mu sake jin motsinta ba.

Muka yi sallama muka shiga. Tana zaune bakin gado tana ninke kayan da na tabbata tun jiya a ninke suke.

"Ina za ku haka kamar 'yan bincike? Ban share ɗakin ba."

"Bayan talabijin ɗinki za mu duba, Umma."

"Ƙura ce kawai a wurin."

Na ja teburin. Akwai wani ƙaramin akwati mai ramuka biyar da Mai Tsani ya sa mata, don talabijin da kwamfutar jikoki in sun zo hutu. Ga kebul ɗin da ya taho daga falo, ga na talabijin. Sai wani gajere, rawaya, kansa ɗaya a rami na uku, ɗaya kan a rami na huɗu. Ya fita daga akwatin ya koma cikin akwatin.

Nan take na tuna wani bayani da Mai Tsani ya taɓa yi min. Saƙon da ya fita duniya yana da ƙidaya, kowace rauta ta rage ɗaya, in ta ƙare a jefar da shi don kada ya yi ta yawo. Amma kiran cikin gida, irin na "wa ke da lamba kaza?", ba shi da ƙidaya. In ya samu hanyar da ta zagayo, zai yi ta zagayawa yana ninkuwa har ya toshe gidan gaba ɗaya.

"Umma," in ji Yaya, "wa ya soka wannan?"

Ta ɗaga wata riga ta karkaɗe. "Ranar farko dai tsautsayi ne. Ina shara na gan shi yana reto, na ce wannan yaro ya bar aiki a wargaje. Ga rami, ga kai, na soka. Kun san ba na son abu yana reto."

"Sauran ranakun fa?"

"Sauran..." Ta ajiye rigar ta dube mu ido cikin ido. "Sauran kuma na ga yaron yana da hankali. Yana cire takalmi tun daga waje. Ya durƙusa ya ɗaure wa Aku igiyar takalmi ba wanda ya sa shi. Ita kuma wannan," ta nuna ni da haɓa, "daga asibiti sai ɗaki, daga ɗaki sai asibiti, shekara huɗu. In ban soka ba, ta ina za su haɗu? A cikin katunan marasa lafiya?"

"Innalillahi! Umma, wasan ƙwallo biyar na rasa!"

"Ƙwallo za ta aurar maka da ƙanwa?"

Na toshe baki, dariya da kunya suna kokawa a ƙirjina. Amma wani abu ya tsaya min. Na ce, "Umma, shi ya sani?"

"Yo ba shi ke zarewa ba? Tun zuwansa na uku ya roƙe ni in daina. Ya ce in ba shi kebul ɗin, na ce nawa ne, a ɗakina na tsince shi."

Na fita tsakar gida na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce ya zo, Yaya yana son ganinsa. Cikin minti ashirin sai ga shi da rigar aikinsa shuɗiya, gumi a goshi. Ya gaishe da Yaya har ƙasa. Yaya ya ɗora rawayan kebul ɗin a kan tebur.

Mai Tsani ya kalle shi, ya kalle ni. Na ga murmushi yana neman ƙwace masa.

"Ke kika gano?"

"Ɗaya bayan ɗaya," na ce.

Yaya ya miƙa masa wayarsa. "Karanta abin da na kusa turawa a kanka."

Ya karanta har ƙarshe, fuskarsa ta sauya. Sannan ya buɗe tasa wayar ya nuna wa Yaya rahoton da yake shigarwa ofis bayan kowane zuwa. Guda biyar, kowanne da kwanan wata, kowanne magana ɗaya: kebul ya zagayo a akwatin ɗaki na uku, an zare, an yi wa mai ɗakin bayani.

"Ban rubuta ƙarya ba, Yaya. Kai ma da ka tambaye ni na ce maka matsalar ta cikin gida ce."

"Me ya hana ka faɗi wanda ya yi?"

"Ita ta haife ka. Ba zan tsaya a falonka in nuna ta da yatsa ba."

"Ko da za a kore ka?"

"Ban san abin ya kai nan ba. Amma ko na sani, sai dai in nemi wata hanyar."

Yaya ya karɓi wayarsa, ya goge saƙon a gabanmu, ya miƙe yana gyara hula. "Ka sha ruwa kafin ka tafi. Kuma kebul ɗin nan ni zan riƙe shi." Daga cikin ɗaki muka ji Umma ta ce, "Riƙe mana, ai ya gama aikinsa."

Na raka shi bakin ƙofa, Aku tana maƙale da hannunsa tana ba shi labarin yadda Mama ta yi tsalle. Na tura ta ciki ta ɗauko masa biskit ɗinsa, na juyo na tsare shi da ido.

"Na ji daɗin yadda ka rufa wa Umma asiri. Amma ni ka bar ni mako biyar a duhu. Yau da safe har na fara lissafa ka cikin mayaudara."

"Shi ya sa na koya miki yadda za ki gano."

"Na gane. Amma ni ba na son a bar min alama a hanya in yi ta bi. Ina da 'ya. Duk abin da ya shafi gidan da take ciki, a baki nake so a faɗa min, ko mai ɗaci ne."

Ya sunkuyar da kai. "Na karɓi laifina. Kuma tunda a baki kike so, ga ɗaya: roƙon da na yi wa Umma ta daina, ban yi shi da ƙarfi sosai ba."

Wayyo ni! Ga ni cikin rigar aikin gida mai yagaggen aljihu, ba hoda, ba komai, mutum yana faɗa min wannan.

Bai kai ƙarshen layinmu ba wayata ta yi ƙara. "Ki tambayar min Yaya wace rana yake da sarari. Zama nake so mu yi, ba gyara ba." Na karanta sau bakwai. Na kai wa Yaya, ya karanta sau ɗaya, ya ce, "Laraba bayan la'asar. Kuma ki gaya masa tambayoyina sun fi na ofishinsu yawa." Umma tana bayansa tana yi min rawa da kafaɗa.

Yanzu ku saurare ni da kyau, musamman ku iyaye mata irina. Saura awa ɗaya da 'yan mintuna mutumin kirki ya rasa aikinsa a gidanmu, ni kuma in rufe masa ƙofa da hannuna, duk a kan akwatin da ba wanda ya taɓa juya bayansa ya duba. Kada ki yarda a yanke wa kowa hukunci a gidanki kan abin da ba ku bincika ba, kuma kada ki yarda da kowa don kawai ya iya murmushi. Tashi ki juya rautar nan, ki san kowane kebul da inda ya nufa. In kuma kin ga wani gajere yana reto a ɗakin mahaifiyarki, ki ɗauke shi yau ɗin nan ki kulle a akwatinki, sai fa in kin shirya karɓar baƙo ranar Laraba.